Busasshen ganye da ɗanye ba kuɗinsu ɗaya ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa takin ganye ina renon dashe a bayan Agege, ni da yara huɗu da wata tsohuwar akori-kura. Har yau maganar da na fi sha daga bakin masu saye ita ce: "Haba Malam, shara ce fa, ina dalilin tsada?" Ba na jin haushi kamar da. Sai in ɗebo hannu guda in ce su sansana.

A ƙarƙashin gawo na fara karatun nan, a gonar mahaifina a ƙasar Katsina. Gawo shi kaɗai ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Baba yakan nuna mini geron gindinsa, ya fi na ko'ina kauri, ya ce, "Kai yaro, dubi lokacin da ganye ya faɗi, kada ka dubi yawansa." A lokacin ban gane ba. Sai da na zo Legas, inda gawo ba ya yi saboda yawan ruwa, na lalata tulin taki har uku, sannan maganar ta shige ni.

Itace ba wawa ba ne. Kafin ya saki ganye yakan janye kusan rabin naitirojin da fosfaras ɗin da ke ciki, wato sinadaran abincin shuka, ya mayar reshe, ya ajiye wa sabon toho. Wannan jan da ganyen almon ke yi kafin ya zuba, alamar an gama kwashe kaya ke nan. Kalsiyam ne ba ya komawa, shi taruwa yake yi yayin da ganye ke tsufa. Don haka ganyen da yarana ke sharowa daga gidajen Ikeja da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙashin taki ne kawai, ba nama. Naman yana cikin ɗanyen tohon Afrilu da Mayu, musamman na itatuwan giliricidiya da lusina da muke sassabewa, dangin wake ne, masu kama naitirojin daga iska. Ni nakan jera busasshe, in ɗora ɗanye, in bi da kashin shanu na mayankar Oko-Oba, in yayyafa ruwa, a juya duk sati biyu. Idan ka cusa hannu tsakiyar tulin ka kasa daɗewa don zafi, aiki ya yi.

Sai fotash, shi ma abincin shuka ne, wanda ruwa ke wankewa kamar gishiri. Ruwan Yuni da Yuli na Legas ba ya da wasa, tulin da aka bari babu tamfol ya tashi aiki. Wannan ma da kuɗina na koya.

Shekarun itacen ma suna magana. Reshen da aka sare ya sake tohowa, ganyensa laushi gare shi, wata biyu ya narke. Tsofaffin mangwarorin Ikoyi kuwa ganyensu kamar fata, sai su kai shekara suna kallonka. Na taɓa bin wani direban katako zuwa dajin Omo a jihar Ogun, na tona ƙasa a gonar malaina sabuwar dasawa, na kuma tona a tsohon kurmi. Ta kurmin baƙa ce mai ƙamshi, ta sabuwar gonar fara-fara. Masana sun ce dajin da ke tasowa bayan noma naitirojin yake nema ido rufe, tsohon kurmi kuwa ya tara shi, fosfaras ne ke yi masa ƙaranci. Shi ya sa dashen da ya yi wata uku a leda da bishiyar da ta shekara ashirin ba na ba su haɗi iri ɗaya.

To, ga masu ɓata mana suna. Mutum ya kwaso garin katako, ya zuba dusar gawayi don ya yi baƙi, ya ɗura a buhu, ya tsaya bakin titi yana kiran "baƙar ƙasa" a rabin kuɗina. Ɗanyen garin katako kuwa ba ya ba shuka komai, naitirojin ɗin ƙasar ma yake zuƙewa kafin ya ruɓe. Wata Hajiya a Lekki ta yi ciniki da ni har muka gaji, ta tafi ta sayi irin wannan buhu goma ta zuba wa lemunanta a wancan yashin nasu. Bayan wata biyu ta kira, ganye duk ya yi rawaya, tana tambaya ko a watsa kamfa ko yuriya. Na ce, "Hajiya, a fara kwashe abin da aka zuba tukuna." Ban tuna mata cinikin ba, amma farashin bai sauka ba.

Tulin da muka haɗa da tohon Mayu zai nuna ƙarshen Agusta, daidai lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa, kuma rabinsa masu lambun Ikorodu sun riga sun kama.