Motar da aka rage wa tsayi ta karkata ta baya: daga ina ake fara nema?

Duk wanda ya sa aka sauke motarsa ƙasa a Maraɗi ya san abin da ya saya. Tudun rage gudu sai an hau shi a karkace, da damina kuma akwai lungunan da ba a shiga. Wannan ya yarda da shi. Abin da bai yi ciniki da shi ba shi ne ya tsaya bayan motar ya ga yatsu biyu na shiga tsakanin taya da jikin mota ta dama, ta hagu kuwa ɗaya da ƙyar. Da an kai ta garaji, maganar farko ita ce shoka ta mutu. Mafi yawan lokaci ba ita ba ce. Sifirin ke ɗauke da nauyin mota, shoka aikinta hana rawa. Kafin ka fid da ko dala, a yi awo.

Awon ma a nan ake fara ɓata shi. Yawancin garajojinmu rairayi ne, kuma a kan rairayi kowace mota karkatacciya ce. Nemi daɓen siminti, ka gwada shi da tiyon ruwa irin na magina. In babu tiyo, auna motar, ka juya ta ta fuskanci inda ta ba baya a daidai wurin, ka sake aunawa. Idan karkatar ta sauya gefe, daɓen ne. Iskar tayoyin baya ta zama ɗaya. A kwashe komai daga but: akwatin sifika, jarkar mai, kayan aiki. Mutane na raina wannan. Litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma lita 50 ta kusa kilo 37, kuma a sifirin da ke nutsewa milimita 1 da kowane kilo 3, nauyin kilo 30 bisa kusurwa ɗaya zai iya cin kusan santimita guda. A saki birkin hannu, a tura motar gaba da baya kamar mita biyu, a danna bayanta ta zauna.

A awon farko, kada ka auna daga ƙasa. Ɗora tef daga tsakiyar rim zuwa bakin ƙarfen jikin mota da ke bisa tayar, a miƙe, don haka girman taya da cinyewarta ba su shiga lissafi. Auna duka huɗun, ka rubuta. Sannan ka ƙara awo na biyu daga wurin da ake kafa jak zuwa daɓe, hagu da dama. Dalili: motocin da ke zuwa mana ta Kwatano da yawa sun taɓa karo, an buge ƙarfen an cike da mastik, bakin nan na bisa taya ba ya inda kamfani ya bar shi. Idan awon ƙarƙashi ya yi daidai, na sama ne kawai ya saɓa, matsalarka ta mai gyaran jiki ce, ƙafar mota lafiyarta lau. Bambancin milimita 5 zuwa 10 kuwa ana samunsa ko a motar da ba a taɓa ba. Daga 15 zuwa sama ne ya cancanci a kwance wani abu.

Me ya sa aka ce huɗun? Mota kamar tebur take mai ƙafa huɗu. In ƙafar gaba ta dama ta yi tsawo, kusurwar da ke kallonta a gicciye, wato baya ta hagu, ita ke nutsewa. Sai ka ga an kwance bayan mota sau biyu ana neman laifi, alhali sifirin gaba ne bai zauna a kujerarsa ba. Gwajin ba wuya: kafa jak a tsakiyar ƙarfen ƙarƙashin gaba, ɗaga har tayoyin gaba su bar ƙasa, sake auna baya. In ta miƙe, laifin yana gaba.

In ba ta miƙe ba, kwance sandar stabilaiza ta gefe ɗaya, noti guda ne. Sandar nan ta haɗa hagu da dama, kuma in ta lanƙwashe ko ƴan hannayenta ba su yi tsawo ɗaya ba, tana danne gefe ɗaya tana ɗaga ɗayan. Alamarta, bayan ka kwance ramin notin ba ya komawa daidai sai an danna da ƙarfi.

Yanzu ga wanda ya fi yawa a motocin da aka sauke, kuma ba a cika kula da shi ba. Robobin da ke cikin idon hannayen ƙafar baya ba juyawa suke a kan noti ba, murɗewa suke. An manne robar da ƙarfen ciki da na waje. Idan bakanike ya ɗaure notocin da ƙarfi alhali motar na bisa jak, ƙafa na reto, to da an sauke ta robar ta riga ta murɗe, tana ture motar sama. Gefen da aka kwance aka sake ɗaurewa a sama zai yi tsayi, wanda ba a taɓa ba yana nan a murɗarsa ta tsohon tsayi. Maganin ba ya cin ko sisi: a sassauta notocin robobin duka gefe biyu, a sauke motar bisa tayoyinta, a tura ta a danna ta, sannan a shiga rami a ɗaure su da nauyinta a kansu. Wanda ya ƙi wannan, ko motar ba ta karkata ba, robobin za su yage da wuri, musamman da zafin watan Afrilu da Mayu da ke busar da roba.

Sai sifirin kansa. Haska fitila ka dubi ƙarshen wayar ta ƙasa: akwai ɗan tudu a kujerar inda bakin ya kamata ya tokare. In ya hau bisa tudun, gefen ya ƙaru. Dubi robar da ke tsakanin sifirin da kujerar, sama da ƙasa, sau da yawa ɗaya ta faɗi lokacin aiki an mayar babu ita. A Mercedes 190 robar saman sifirin baya kauri uku ce, milimita 8, 13 da 18, ana gane su da ƴan ƙuraje a gefenta, ɗaya, biyu ko uku. In an haɗa mai ɗaya da mai uku, ga karkatarka nan, kuma a taya bambancin ya fi haka tunda sifirin yana ciki-ciki a kan hannun. Tone rairayin da ya cushe a kujerar ƙasa, nan ne zagayen ƙarshe ke karyewa ya ɓuya.

Maganar gaskiya, yawancin saukewar da ake yi a nan ba da sifirin da aka ƙera gajere ake yi ba, yanka ake. Yankan giranda in an ƙirga zagaye daidai yana iya fitowa ɗaya. Wanda aka gasa da wutar gas har ya zauna kuwa ƙarfen ya mutu, zai ci gaba da nutsewa, kowane gefe da saurinsa. Irin wannan ba a gyara shi, sauyawa ake, biyun tare. In ana shakka, a musanya na hagu da na dama. Karkata ta bi sifirin, shi ne. Ta tsaya inda take, a bar shi ya huta. Idan sifirin a jikin shoka yake, kamar a tsofaffin Corolla da Golf 3, kada a kwance notin sama ba tare da ƙarfen matse sifirin ba, yana fasa fuska.

A irin waɗannan motocin ne shoka ke da hannu, don kujerar sifirin a jikinta take. Shoka biyu na kamfani daban, ko ɗaya sabuwa ɗaya ta Kwatano, kujerunsu na iya saɓawa. Auna daga idon ƙasa zuwa kujerar. A motar da sifirin ke gefe daban, kwance notin ƙasa na shokokin biyu. In motar ta miƙe, ɗaya ta cije ko sandarta ta lanƙwashe. Duba kuma robar da ke tare ƙafa kada ta bugi jiki. Motar da aka sauke sosai kan zauna a kanta, in an rage ɗaya an bar ɗaya, ita ce ke riƙe da gefen.

Peugeot 206 da 306 nasu daban ne, ba sifirin a baya, sanduna ne masu murɗewa da haƙora a baki. Kuskuren haƙori ɗaya santimita yake ci, ba milimita ba. Kafin a zura sandunan, a auna tazarar ramukan notin shoka ta zama ɗaya a gefe biyun. In kuma saman taya ya kwanta ciki, boris ɗin da hannun ƙafar ke juyawa a kansa ne ya ci, haƙora ba za su gyara shi ba.

Idan duk wannan ya wuce karkatar na nan, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. Saɓani a nan na nufin aksul ɗin baya ko jikin motar ya lanƙwashe, abin da rami ɗaya da gudu a hanyar Ɗan Isa ya isa ya yi wa motar da ba ta da sararin nutsewa. Ƙara roba ƙarƙashin sifirin zai gyara wa ido, amma tayar za ta ci gaba da cin gefe ɗaya har sai an sauya aksul ɗin ko an ja jikin, sannan a kai ta saitin ƙafa.