Shayin citta da labarin 'yar aji biyu

Daren Asabar ɗin da ta wuce sanyin hunturu ya sauko mana sosai a Gwammaja, har sai da na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Bayan Isha'i na hura gawayi a kurfoti na ɗora butar shayi. Ɗiyar yayana ta zo kwana biyu a wurina, shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun da ta iso na lura tana kaffa-kaffa da jakarta, ko banɗaki za ta sai ta tura ta ƙarƙashin matashi. Ruwa na fara zafi ta zaro wani littafin rubutu mai falle 60 wanda bangonsa ya yi laushi don yawan riƙo, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Gwaggo, labari na rubuta. Amma don Allah kar ki yi mini dariya."

Na ce ta bari in haɗa shayi tukuna, don ban iya karatu da hankali biyu ba. A Kurmi nake sayo kayan, wurin masu kayan ƙamshi. Busasshiyar citta nake fasawa a turmi, ba na mai da ita gari, sai kanumfari ƙwaya biyar, ɓallin kirfa kamar tsawon ɗan yatsa, da masoro kaɗan. Su nake fara zubawa a ruwa kofi huɗu su tafasa kamar minti goma, sannan ganyen shayi ya shiga a ƙarshe, don in ya daɗe a wuta ɗaci yake yi. Na'a-na'a kuwa sai na sauke butar nake jefawa in rufe. Kanumfari shi ne mai wuyar sha'ani: in ya yi yawa harshe yake kashewa, ya danne ƙamshin kowa.

Na zuba mata da madara, nawa baƙi, na buɗe littafin.

Labarin wasu ƙawaye biyu ne da suke zama benci ɗaya tun aji ɗaya. Kuɗin tara suke haɗawa su sayi awara da yaji, ɗaya ta iya lissafi tana koya wa ɗayar, ita kuma tana yi mata kitso ranar Lahadi. Akwai wani yaro a Islamiyyarsu mai daɗin ƙira'a, wanda in ya fara karatu ɗaya daga cikinsu sai ta rasa inda za ta sa idonta. Ta faɗa wa ƙawarta a asirce, ta sa ta rantse. Ƙawar ta faɗa wa mutum ɗaya tak, kafin Alhamis duk ajin ya ɗauka, ana kiran ta da sunan yaron in ta wuce. Daga nan suka shiga gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta raba shafukan. Na koma na ƙirga, sau uku kacal yaron ya fito, kuma bai ce komai ba sai "sannu" ranar da allonta ya faɗi. Sauran shafukan duk na ƙawar ne. Akwai inda ta rubuta yadda yarinyar ta sayi awara ita kaɗai, mai awarar ta tambaye ta ina 'yar uwarta, ta kasa ba da amsa. Akwai inda suke zaune a benci ɗaya da jaka a tsakaninsu kamar katanga, biro ya gangara ɓangaren ɗayar, babu wadda ta ɗauka har aka tashi. A nan na ajiye kofi, don na san wannan bencin. Na zauna a kansa.

A 2007 ni ma shekarata 13. Shekarar ce aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a nan Kano, zamanin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha, kuma makarantun 'yan mata suka tsananta binciken jaka. Mu kuwa haya muke karɓowa a unguwa, mu naɗe littafin da bangon littafin darasi, ya zaga aji kafin a mayar. Wata malama ta kama nawa ta yaga a gaban aji. Yau da na girma na yarda cewa littafin ba na sa'ata ba ne, maganar kishiya ce da saki da lefe. Abin da ya fi yi mini ciwo har yanzu shi ne babu wanda ya miƙo mana wani a madadinsa, ko ya tambaye mu me muke nema a ciki.

Kuma giɓin yana nan. Yarinyarmu tana tashi daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai ta faɗa kai tsaye cikin labaran gidan aure, yanzu ma a WhatsApp da Wattpad inda babu mai haya da zai dube ta ya ce wannan ya fi ƙarfinki. Tsakanin shekara 11 da 14 akwai rayuwa guda cur: ƙawar da ta sauya ki da wata, kunyar da ke kama ki in wani ya wuce, tsoron jarrabawar aji uku, hijabin da ya yi miki kaɗan. Marubutanmu mata suna da ƙarfi, gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa ta nuna haka tun 2016. Ina roƙon su waiwayi 'yan wannan shekarun. Yarinya za ta ji wani ya kwanta mata a rai ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma gara ta tarar da abin a labarin da ya san girmanta, inda ba a kai ta ɗakin aure a babi na biyar ba.

Labarin nata bai ƙare ba, ya tsaya ne a tsakiyar shafi. Na tambaye ta dalili. Ta juya cokali a kofi ta daɗe, sannan ta ce, "To Gwaggo, tunda ita ce ta tona asirin, ai ba ni zan fara yi mata magana ba ko?"

Ba ta ji abin da bakinta ya faɗa ba, ni ma ban nuna na ji ba. Na tuna mata hadisin da suka haddace a Islamiyya, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Na ce yarinyar cikin labarin tana da gaskiyar jin haushi, kar ta goge wannan, amma ta gwada rubuta shafin da za ta ɗauki biron nan ta miƙa, ta ga me zai biyo baya.

Na ƙara gawayi na ɗumama sauran shayin. Ta kwanta rub da ciki a kan darduma ta ci gaba da rubutu har wajen sha ɗaya. Da safe na nemi izininta in ba da wannan labari, ta ce to, in dai ban faɗi sunanta ba. Da za ta tafi ta roƙi in ƙulla mata citta da kanumfari a leda biyu.