Ranar da na kusa jefar da lafiyayyen SSD

Asabar. Sha ɗaya na dare ta wuce, idona har yaji yake amma bari in rubuta kafin in kwanta.

Da safe Baffa ya aiko yaro da laftof ɗin da ya saya wa 'yarsa, laftof ɗin 'yar Beljiyam ce amma tsaf da ita, Core i5 janareshan na 11. Wai in goge komai in sa mata Windows 11 tunda 10 ɗin an daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025. Na ce Baffa ai wannan kafin azahar an gama. Bakina ne ya ja min.

Na haɗa filashi da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filashi da ita, na kunna, komai na tafiya sumul har aka zo wajen da ake zaɓar inda za a zuba Windows ɗin, sai ga akwati fari fat babu ko layi ɗaya, wai bai ga diski ba. Na danna Refresh ya fi sau goma kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Na sake haɗa filashin, na canza ramin USB, shiru. Daga nan raina ya ba ni SSD ɗin, wato diskin da ke ajiye komai a cikin laftof ɗin, shi ne ya mutu, har na fara shirya maganar da zan faɗa wa Baffa cewa an cuce shi. Na kwance bayanta, sukurori na zuba su a murfin kwalba, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera (har yanzu ban gan shi ba), na zare SSD ɗin na goge na mayar, duk a banza. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi har cikin ido.

Bayan la'asar na haƙura na kira tsohon maigidana na Beirut Road, kasuwar kwamfuta da wayoyi a Kano. Ko gama bayani ban yi ba ya ce "kai yaro, janareshan nawa ce?" Na ce na 11 ne oga. Ya yi dariya ya ce shiga BIOS ka gani in diskin ba ya nan. Na shiga BIOS ɗin, wato shafin saitin na'urar da ake buɗewa tun kafin Windows ya tashi, ga shi kuwa da sunansa da girmansa, 512GB, lafiyarsa ƙalau. Kunya ta kama ni wallahi.

Ashe daga janareshan na 11 laftof da yawa suna zuwa da wani abu na Intel a kunne, VMD, shi ke tsakanin diskin da sauran na'urar, in babu direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane shi, a filashinka to Windows ba zai ga komai ba ko ka kwana kana dannawa. Ko dai ka kashe shi a BIOS ko ka kawo direban. Ni na zaɓi direban don ba na son taɓa saitin kayan mutane. Na sauke direban, Intel Rapid Storage, a tsohuwar kwamfutata da sauran cajin da ya rage, nan ma sai da na yi wauta, na kwafa shi a dunƙule, ashe sai an warware shi fayil ɗin inf, wanda shi Windows ke nema, ya fito fili. Na warware, na danna Load driver, na nuna masa folda, diski ya bayyana tar. Ni kaɗai a ɗaki na ce Alhamdulillah da ƙarfi har Umma ta leƙo ta ce lafiya?

Wayfay ma bai tashi ba da farko, shi kuma Windows ɗin yana neman intanet kafin ya wuce, amma wannan bai ba ni wuya ba, na jona wayata da kebul na kunna tedarin ta USB don laftof ɗin ta samu intanet daga wayar, ya sha min data dai ba kaɗan ba.

Da isha Baffa ya kira, "ɗana an gama?" Na ce an gama Baffa, gobe in sha Allahu zan kawo. Ban faɗa masa bayanta saura sukuru ɗaya ba, da safe zan ɗaga kujerar.