Kwana huɗu muka yi muna kafa na'urar, shekara uku ina bin takardunta

A bayan garinmu, can ƙasar Birnin Kudu, akwai wani falalen dutse da mata ke shanya barkono da kuɓewa a kai tun muna yara. A kan wannan dutsen na ƙwallafa rai sai na kafa na'urar auna girgizar ƙasa. Kimiyyar ƙasa nake koyarwa a wata babbar makaranta, kuma abin ya shiga raina ne tun Satumbar 2016, da ƙasa ta motsa a Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna har bangon gidaje suka tsage. Da aka sake yi a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, sai na tambayi kaina, yau in a Gwaram ko Dutse aka yi, wa zai ce ga inda ta taso, ga ƙarfinta? Tashar da na sani mafi kusa da mu ita ce ta Toro a jihar Bauchi, inda cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa take a ƙarƙashin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa. Tasha ɗaya kuwa nisa kawai take iya faɗa maka. Kafin a nuna wuri da yatsa sai an haɗa aƙalla uku.

A 2021 na fara neman tallafi daga wata hukumar gwamnati mai ba malamai kuɗin bincike. Aka watsar da ni tun a zagayen farko, na taƙaitaccen bayani, kuma ban ga laifinsu ba. Na cika shafi biyu da tsoratarwa, kai ka ce gobe Jigawa za ta kife. Wanda ya duba ya rubuto layi uku: Najeriya a tsakiyar farantin Afirka take (wato ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin ɓawon duniya), nesa da bakin da faranti ke gogar juna, to me zai sa a kashe kuɗi kan girgizar ƙasa a jihar da ambaliya ke cin gidaje duk damina? Na yi kwana biyu ina fushi, a na uku na yarda mutumin ya fi ni gaskiya.

Da shekara ta zagayo na sake rubutawa, wannan karon ba ƙari. Na ce haɗarin ƙarami ne, amma ƙaramin ma ba mu taɓa auna shi a nan ba. Na kawo tsagar ƙasar da masana ke bi daga Ifewara a kudu maso yamma har Zungeru. Na kawo dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, waɗanda ruwansu ta jiharmu yake wucewa, ga shi duk inda aka tare ruwa mai nauyi irin wannan ana son kunne a ƙasa. Na kawo masu fasa dutse da nakiya, waɗanda in sun tashi bam mutanen ƙauye ba sa iya bambance shi da motsin ƙasa na ainihi. Na rufe da ɗalibaina, da nake koya wa karanta zanen girgiza daga hoton littafi. Wannan ya wuce. Aka ce in kawo cikakken tsari.

Nan aka fara wasan. Takardar tarihin aiki ta kowane ɗan tawaga, wasiƙar shugaban makaranta, hatimin kwamitin bincike, jadawalin aiki wata-wata, wasiƙar wani babban malami da ya yarda ya tsaya mana. Waɗannan duk zirga-zirga ce kawai da man mashin. Inda na sha wuya shi ne kasafi, domin kowane layi sai ka faɗi dalilinsa, kuma duk wani kaya mai tsada sai ka haɗo farashi daga kamfani uku. Tsarin sayen kayan gwamnati, wanda dokar 2007 ta shimfiɗa, yana son kamfanin ya kasance da rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Masu ƙera irin wannan na'ura kuwa duk a ƙetare suke. Sai ga ni ina yi wa ɗan kwangilar da ya saba kawo kujeru da allon rubutu bayanin abin da zai sayar mini, ina rubuta masa sunan na'urar harafi-harafi a bayan ambulan.

Ga wautar da na yi: ɗaya bayan ɗaya nake bin takardun, sai na gama wannan in fara waccan. Ashe kowace da wa'adinta. Farashin da kamfani ya ba ni na kwana 30 ne. Takardar haraji kuma ranar 31 ga Disamba take mutuwa, ko da a Nuwamba aka ba da ita. Fayil ɗina ya kwana a kan wani tebur ya tsallaka sabuwar shekara, da aka buɗe shi duk takardun kamfanonin uku sun zama tarihi. Aka dawo da ni farko. Tun daga ranar na manna babbar takarda a bangon ofis, kowace shaida da ranar mutuwarta da jan biro.

Akwai wani layi ɗaya a fom ɗin da na raina: shaidar izinin wurin da za a kafa na'ura. Na ce ai garinmu ne, dutsen ma gonar kakanmu ce ta yi iyaka da shi. Ranar wata Asabar na je na sami Kawu a zaure na gaya masa. Ya daɗe yana kallona.

"Kai yanzu dutsen nan naka ne?"

"A'a, Kawu, amma ai ba na kowa ba ne."

"To abin da ba na kowa ba, na kowa ne. Tashi mu je wurin mai gari."

Mai gari ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, faɗa mini tsakaninka da Allah, zinariya kuka hango?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ko ƙarfen ƙafa ba ya gani. Sauraro kawai yake yi." Ya ce to in sauraro yake yi, maganar mutane fa? Na rantse ba ya jin magana. Liman da ke gefe ya ce girgizar ƙasa ikon Allah ce, na'ura za ta hana ne? Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ta hanawa, ba ta ma faɗin ranar da za a yi. Kamar ma'aunin ruwan sama ce, abin da ya sauka take rubutawa." Wannan misalin ne ya cece ni. Amma tsoronsu na gaskiya daban ne, sai daga baya Kawu ya fayyace mini: kada yau a kafa akwati, gobe a zagaye dutsen da waya a ce na gwamnati ne, mata su rasa wurin shanya.

Zama uku muka yi. Daga mai gari zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma, domin a dokar filaye ta 1978 ita ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. A takardar da muka rubuta, da Hausa da Turanci, an faɗi taku huɗu a tsaye huɗu a kwance, aro ne ba kyauta ba, kuma ba za a hana kowa shanya ba. Wata biyu wannan layin guda ya ci mini. Da shi ya kamata in fara tun kafin in taɓa biro.

An amince da aikin a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kuɗin ba aljihunka suke shiga ba, asusun makaranta suke zuwa, kuma kashi-kashi. Kafin kashin farko ya iso, babban banki ya saki naira a watan Yuni, dala ta haura 700. Kafin mu gama sabunta farashi da maganar Form M na shigo da kaya, Fabrairun 2024 ta yi, ta wuce 1,500. Kuɗin da aka ware wa babbar na'ura ko rabinta ba za su saya ba. Na nemo wata ƙarama mai suna Raspberry Shake, da ake haɗawa a ƙasar Panama, girmanta bai wuce kwanon abincin ɗan firamare ba. Ba ta kai waccan jin motsi mai jan lokaci ba, amma da babu gara ba daɗi. Har na ɗauko waya zan ce a kawo, akantan makarantarmu, dattijo mai sanyin magana, ya dafa hannuna.

"Malam, in ka sayi abin da ba ya cikin takarda, ko ya fi arha sau goma, daga albashinka za a cire. Rubuta neman sauyi, ka jira amsa a rubuce. Kada ka yarda da 'ai ba komai' ta waya."

Na jira wata biyar. Damina ta shigo ta fita ina jira.

A Nuwambar 2024 muka kafa. Magini ɗaya, ɗalibaina biyu, ƙaramin ɗaki na bulo a kan dutsen, faifan sola, batir, da sandar da muka ɗaure na'urar intanet a samanta don sabis a garinmu sai an yi tsayi. Kwana huɗu aka gama. Sai kuma ritayar kuɗi, wato ka kawo shaidar kowane kwabo kafin a saki kashi na gaba. Mai siminti a Birnin Kudu yana da rasit. Mai amalanken da ya kawo yashi fa? Yaran da suka ɗebo ruwa? Na tambayi mai amalanke rasit, ya yi dariya har da riƙe ciki. Akanta ne ya sake fitar da ni: takardar biya mai suna da kwanan wata da irin aikin, mai karɓa ya dangwala yatsa, mai gari ya sa hannu a matsayin shaida. Sai da na koma na bi mutum tara gida-gida da tawada a aljihu, ɗaya har ya tafi cirani, na jira shi.

Makon farko da na buɗe kwamfuta na ga wasu layuka a jere, tsaf-tsaf, kullum da hantsi da kuma bayan la'asar. Na ɗauka na'urar ce ta lalace. Wata ɗalibata ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ai daka ne." Matan gidajen da ke gindin dutsen ne, har ana gane inda biyu suka haɗu suna lugude. Yanzu mun san zanen tifa, mun san na injin niƙa, mun san na nakiya, wanda ke tashi farat ɗaya ya mutu.

Ranar Juma'a 28 ga Maris 2025, ana cikin azumi, wajen bakwai da rabi na safe, wani zane ya fito da bai yi kama da ko ɗaya ba. Girgizar ƙasar Myanmar ce mai ƙarfin maki 7.7, wadda ta rushe masallatai a kan masu sallar Juma'a. Minti goma sha biyu da 'yan kai motsinta ya yi ta cikin ƙasa kafin ya taɓa dutsen shanyarmu. Na buga zanen na kai wa mai gari bayan salla. Ya karɓa, ya yi wa mamatan addu'a, ya juya takardar sama da ƙasa, sannan ya ce a ba shi kwafi ya ajiye tare da takardar aron fili.

Kwafi na biyu yana cikin rahoton rabin zango da na miƙa don a saki sauran kuɗin. An dawo mini da shi makon jiya. Ɗaya daga cikin yatsun da aka dangwala bai fito sosai ba, na mai amalanke ne, kuma an ce ya sake tafiya cirani.