Satifiket ɗin da na rataye a bango bai hana mai bashi zuwa ƙofar gidana ba

Ni dai a kasuwar Singa ta Kano na tashi, shekara takwas ina yaron shago wajen wani Alhaji mai taliya da sukari da man girki, har ya sallame ni a 2019 da ɗan jari na kama tawa rumfar. Kasuwa ce ta mutum ɗaya zalla, ni ne maigida ni ne yaro ni ne akawu, kuɗin cefane ma daga durowar shago nake zara, ban taɓa ɗaukar hakan wani abu ba.

To kullum jarkokin man gyaɗa na wucewa ta hannuna ina cin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai zuciya ta fara raya min ai mai matsar man shi ke kwashe romon. Kuma da gaskiyarta, don sana'a hawa-hawa ce, akwai manomin da ya noma gyaɗar, akwai masu sarrafa ta irin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, sai mu 'yan sari da direbobi da dillalai can a ƙarshe. Na ce wallahi sai na hau wancan benen.

Kuɗina ba su kai inji ba, sai na samu ɗan kawuna muka yi haɗaka, shi da kuɗi ni da ƙarfi, riba a raba biyu. Na ce Yaya ko mu ɗan rubuta? Ya kalle ni ya ce haba ƙanena, takarda tsakanina da kai? Kunya ta rufe ni na yi shiru. Riba muka yi ta lissafawa, asara ko sunanta ba wanda ya kira.

Wani yaro a kafe ya yi mana rijistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rijistar kamfanoni, satifiket ya fito da lambar BN, wato ta sunan kasuwanci, na sa masa gilashi na rataye, har kati na buga wai ni MD, wato manajan darakta. Yara huɗu fa muke da su! Daga baya na ji a lissafin SMEDAN, hukumar kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, duk wanda ma'aikatansa ba su kai 10 ba a sahun mafi ƙanƙanta yake, daga 10 zuwa 49 ne ƙarami, 50 zuwa 199 matsakaici, wato ko ƙaramin ma ban kai ba.

Sai 2023 ta zo, aka cire tallafin fetur ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota daga kasuwar hatsi ta Dawanau ya haura, wuta ba ta zama, ga dizal da ma ya fi ƙarfin talaka, ana cikin haka injin ya tsaya cak da buhu arba'in na gyaɗar bashi a jibge. Yaya ya ce shi kuɗi ya zuba, bai ci bashin kowa ba. Ran nan na fito daga sallar asuba na tarar da mai gyaɗa zaune kan dakalin gidanmu yana jan carbi, na ce Alhaji ai bashin kamfani ne, ya ce wane kamfani, ni kai na auna wa.

Wani lauya ɗan unguwarmu ne ya warware min. Ya ce sunan kasuwanci suna ne kawai, kai da shi abu ɗaya ne, bashinsa naka ne har babur ɗinka, in haɗaka ce ma duk ku biyun yana kanku. Kamfani mai lambar RC, wato limited, shi ne doka ta ɗauka kamar wani mutum daban, asararka ta tsaya a hannun jarinka in dai ba ka tsaya masa da kanka ba, kuma tun dokar 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙarami, sai dai a jure kai wa CAC rahoto duk shekara. Ko da yake a Dawanau fuska ake ba bashi, ba na jin RC za ta tayar da Alhajin nan daga dakali.

Mun sayar da injin mun biya, wata biyar Yaya bai amsa min gaisuwa da kyau ba, sai da Inna ta shiga. Yanzu na dawo Singa, na yanka wa kaina albashi, durowar shago ta huta.

Satin da ya wuce Yaya ya leƙo rumfa wai akwai injin casar shinkafa na sayarwa a Kura. Na ba shi kujera, na ɗauko littafi da biro na ajiye a gabansa. Ya jima yana kallon biron, sannan ya ce to fara da asarar.