Zauren da ba a saka hoton mabuƙaci

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, bayan 'yan kwanaki kuma azumi ya kama. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce, muna da zaure a WhatsApp da muka buɗe don tura darasin hadda da sanarwar hutu. Mazajen yawancin ɗalibaina sai sun fita ake ɗora tukunya: masu adaidaita sahu, 'yan dako a Singa, yaran shago a Kantin Kwari. Da aka rufe kasuwanni sai gidaje suka yi tsit. Wata daga cikinsu ta turo mini saƙon murya ni kaɗai, ta ce, "Malama, ko akwai mai ɗan garin tuwo da za ta taimaka mana? Amma don Allah kada ki faɗi sunana."

A kan wannan roƙon nata muka gina tsarin zauren gaba ɗaya, kuma har yau bai canza ba. Mai buƙata ba ta magana a bainar jama'a. Tana tuntuɓar ɗaya daga cikin amintattu uku da mata suka zaɓa da kansu, biyu su taka har gidan su gani, sannan a sanar a zaure cewa akwai gida mai yara kaza da ke buƙatar abinci, ko kuɗin magani, ko cikon kuɗin haya. Ba suna, ba layin gida, ba hoto.

Maganar hoton nan ita ta fi jawo mana gardama. Kowa ya saba gani a Facebook: a tsayar da baiwar Allah rungume da ƙullin shinkafa, a ɗauke ta, a baza wa duniya. Wata Hajiya da ke aure a Ingila, wadda ba ta taɓa fashin turo gudummawa ba, ta kira ni ta ce, "Malama, ba wai ban yarda da ku ba ne, amma idan ban ga hoto ba ta yaya zuciyata za ta natsu?" Tambayarta tana kan hanya, domin mai bayarwa yana da haƙƙin sanin inda dukiyarsa ta tafi. Na ce mata, "Hajiya, za ki ga hoton rasit da na buhu, fuskar mutum ce dai ba za ki gani ba." Allah Ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa a aya ta 264 ta Suratul Baƙara, a aya ta 271 kuma Ya ce ɓoye ta a kai wa matalauta ya fi mana alheri. A ganina hoton da ɗan mace zai tarar a wayar abokinsa bayan shekara goma cutarwa ce, ko da mai ɗaukar ya yi da kyakkyawar niyya. Don haka kowane ƙarshen wata ma'ajiya tana turo lissafi: abin da ya shigo, abin da aka auno a Dawanau, abin da ya rage. Tana kuma karanta shi da murya, saboda da yawa daga cikinmu sun iya karatun Alƙur'ani amma rubutun boko yana ba su wahala.

Sai batun saƙonnin da ake turowa daga wasu wurare. Hoton yaro kwance a gadon asibiti da lambar asusu a ƙasa, ko wani dogon rubutu da aka jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wai duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga musiba. Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da wanda ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya, amma hakan bai hana su isowa ba. Dokarmu ita ce babu lambar asusun da ke shiga zaure sai ta zauren, hadisi kuma sai da littafin da ya ruwaito shi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma gani ya kori ji. Idan dattijuwa ce ta turo irin wannan, ba na yi mata gyara a gaban 'ya'yan cikinta. Ina goge saƙon, in kira ta in ce, "Inna, na ga abin da kika turo, Allah Ya saka da alheri, amma na duba ban same shi a littattafan hadisi ba." Ba a taɓa samun wadda ta fita saboda haka ba.

A cikinmu akwai matan Izala, akwai na Tijjaniyya, akwai na Ƙadiriyya. Muka yi yarjejeniya cewa ba a kawo muhawarar maulidi ko ta ƙabalu da sadalu, ba a turo bidiyon malami yana yi wa wani raddi, ganin wata kuma sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar. Siyasa ma haka, har a zaɓen 2023.

Shekarar 2023 ɗin ce ta fi gwada mu. Da farko canjin takardun naira, kuɗi na asusu amma ba a iya ciro su, mai awo kuma ya ce shi sai tsaba. Sai cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, farashi ya yi ta hawa har buhun shinkafa ya haura naira 70,000 a farkon 2024. Matan da suka saba bayarwa wasunsu suka koma masu nema, kuma a nan ne na ga amfanin suturar da muka riƙe tun farko: mace za ta karɓi taimako ta ci gaba da magana a zaure kanta a ɗage, domin ba wanda ya sani. Muka rage rabon abinci muka karkata ga jari. Mai suyar ƙosai ko awara a saya mata wake da mai, mai ɗinki a gyara mata keke, a haɗa wa wata kuɗin injin markaɗe. Rance ne marar ruwa, tana biya kaɗan-kaɗan duk Juma'a, a miƙa wa wata. Kuɗin zakka kuwa muna ware su daban, ba a ba da rancensu, ana mallaka wa waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a aikin nan ba shi da alaƙa da kuɗi. Idan mace ta rasa miji, gida yana cika a kwanakin zaman makoki, daga nan kowa ya koma harkarsa, a bar ta da wata huɗu da kwana goma na takaba tsakanin bango huɗu. Muka raba kwanaki a tsakaninmu, kullum akwai wadda za ta kira ta bayan Isha'i, ko ta leƙa ta da ɗan kwanon abinci. Wata mai takaba ta ce wa wadda ta kira ta, "Yaya, tun safe ban ji muryar babba ba sai taki." Haka muke yi wa mai jego da ke nesa da danginta. Akwai ma'aikaciyar jinya a cikinmu, ita ta wayar mana da kai cewa mai jegon da ke yawan kuka, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririnta, tana iya kasancewa cikin ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Yanzu idan muka ga haka muna yi mata addu'a, mu kuma raka ta asibiti, ba ma ce mata ƙarancin tawakkali ne.

A 2022 WhatsApp ya ɗaga adadin mutanen da zaure ɗaya zai ɗauka zuwa 1,024, wasu suka ce mu buɗe ƙofa ga kowa. Muka ƙi. Mace ba za ta kawo sirrin gidanta inda ba ta san mutane ba, amintattu uku kuma ba za su iya taka gidaje ɗari ba. Duk unguwar da ta nuna sha'awa sai mu taimaka mata ta buɗe nata zauren da nata amintattun. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, ba mu tura kuɗi ga lambobin da suka cika intanet ba. Mun bi ta hannun wata tsohuwar ɗalibarmu da ke aure a can, ita da maƙwabtanta suka raba.

Matsalar da har yanzu muke fama da ita ita ce waɗanda suka fi buƙata galibi ba sa cikin zauren. Tsohuwa mai riƙon marayu ba ta da babbar waya, balle kuɗin data, wata kuma wayar ta maigida ce, sai ya dawo da dare take taɓa ta. Shi ya sa muka ɗora wa kowace mamba gidaje kaɗan a layinta, ta riƙa shiga gaisuwa, ta lura ko an hura wuta. In ta ga alamar babu, sai ta sanar da amintattu, su kuma su je da yamma da kaya a ƙarƙashin hijabi kamar masu zuwa ziyara.