Karayar da ta fi ƙarfin dalilinta

Aikina a sashen ƙashi shi ne tattara bayanan majinyata don bincike: shekarun mutum, inda ya karye, irin ƙarfen da aka sa masa, da tsawon lokacin da ƙashin ya ɗauka kafin ya kama. Yawancin fayilolin labarinsu ɗaya. Saurayi ne ya faɗi da babur, cinya ta karye, aka zura masa doguwar ƙusa ta ramin ɓargo, dabarar da likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara amfani da ita a 1939. Bayan 'yan watanni ya taka.

Layin da ya fi koya mini abu a takardar kuwa shi ne wanda ake rubuta yadda aka ji ciwon. Wani dattijo miƙewa kawai ya yi daga kan tabarma. Wata baiwar Allah bokitin ruwa ta ɗaga, damtse ya ɓalle. Lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa a kan wannan. Idan ya karye, to akwai abin da ya riga ya cinye shi daga ciki, kamar azarar da gara ta gama da ita. Wani lokaci raunin ƙashi ne na tsufa, wani lokaci sankarar mama ko ta mafitsara ce ta yaɗu. Wani lokaci kuma mayeloma ce, sankarar jini da ke zaune a ɓargo.

A kan mayeloma na fi tsayawa, domin ta iya ɓuya. Ƙwayoyin jinin da ke haɗa garkuwar jiki ne suke hayayyafa ba ƙa'ida, su zuga ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Sai hoto ya nuna ramuka a ƙoƙon kai, kashin baya da haƙarƙari. Jini ya yi ƙasa, kalsiyam ya hau, ƙoda ta fara gazawa saboda furotin ɗin da likitan Ingila Henry Bence Jones ya yi bayaninsa a fitsarin wani majinyaci tun shekarun 1840. Alƙaluman Amurka sun nuna baƙar fata sun ninka fararen fata wajen kamuwa da ita, kusan sau 2.

Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar da mutum ke bi kafin ya iso. Ciwon baya ya dame shi, ya yi ta sayen diklofenak a kemis, alhali irin wannan magani ƙara lalata ƙodar mai mayeloma yake yi. Ya karye, a kai shi wurin mai ɗori, a ɗaure ƙashin da ba zai kama ba. Wani ma a ɗora shi kan maganin tarin fuka na kashin baya, wata da watanni.

Ƙarfe yana da amfani ga irin wannan majinyaci, yana rage masa zafi, ya tashe shi daga kwance. Amma cutar tana nan. Magani akwai, talidomaid da aka gano amfaninsa a kanta a 1999, da botezomib da Amurka ta amince da shi a 2003, kuma likitan jini ne ke ba da su. Shi ya sa duk fayil ɗin da na ga karayar ta fi ƙarfin dalilinta, nakan duba ko an ɗebi samfurin ƙashi lokacin tiyata, ko an auna jini, ƙoda da kalsiyam. Idan gurbin babu komai, nakan ɗauki fayil ɗin in kai wa likitan da ke kula da majinyacin kafin a sallame shi.